Kawu, Tunkiyar Ta Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda duk unguwa ta sani da Malamin Dabbobi. Shekara talatin yana karɓar haihuwar awaki da tumakin mutane. Ko bayan ya ajiye aiki, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ya koma shi kaɗai.

Kawu, kai ka ba ni 'yar tunkiyar nan ranar da muka tare a sabon gida. Ƙarama ce, gajera. Da na ga wani ƙaton rago a kasuwa, tsayinsa kamar maraƙi, sai kwaɗayi ya kama ni, na sayo shi don ya hau ta. Ka zo ka ɗora tafin hannu a ƙugunta, ka auna yadda ka saba, ka ce, "Ɗan nan, ƙugun nan ba zai fitar da kan ɗan wancan ba. Nema mata daidai ita." Ni kuwa, da bakina, a gaban matata, na ce maka zamani ya canza. Ka ɗauki sandarka ka tafi.

Bayan wata biyar naƙuda ta zo. Tun safe take nishi har azahar, ƙafa ɗaya ta leƙo, kai ya maƙale. Matata ce ta je ta kira ka, ni kunya ta hana ni. Ka durƙusa a turke da gwiwoyin nan naka masu ciwo, ka shafa sabulu har gwiwar hannu, ka zura hannu kana lallashin tunkiyar a hankali. Ɗan ya fito ba rai. Uwar ta kwanta, ko kai ba ta ɗagawa. Ka wanke hannu, ka nuna mini yadda zan ba ta magani, ba ka ce "ai na faɗa maka" ba. Da ma ka faɗa, da na samu bakin ba ka haƙuri.

Sati uku ina wucewa ta ƙofar gidanka ina cewa gobe. Wallahi na yi wauta. A zaman makoki matarka ta gaya mini, ko a gadon asibiti ba ka daina tambaya ba, wai tunkiyar yaron nan ta tashi?

Ta tashi, Kawu. Sati biyu ke nan tana cin dusa, ban zo na gaya maka ba. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa tausayin da ka nuna wa marasa baki ya tsaya maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyata haƙurin rashinka, amin.