Bindigar Harbi-Ɗaya Ta Ƙi Ɗaukar Na Biyu

Tun yana saurayi ake kiransa Harbi-Ɗaya, har sunan ya cinye na yanka, jikokinsa ma ba su san wani ba. Mai gadin gandun daji ne. In dabba ta haukace ta faɗa gonakin mutane, shi ake turawa da tsohuwar bindigarsa mai sakata, irin wadda sai ka ja ƙarfen baya ka mayar da shi gaba kafin harsashi ya hau. Ana cewa bai taɓa buƙatar harbi na biyu ba. Shi bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, bai kuma taɓa ƙaryatawa ba. Wanda ya san shi ya san wannan shirun ya fi masa kirari daɗi.

Ranar da ɓauna ta tattake wani manomi a bakin rafi, da hantsi sai ga shi a shagon ƙanin matarsa, mai gyaran bindigogi. Ɗaki ne ƙuntatacce mai warin mai da tsatsa, ga tebur da ya sha ƙuna, ga taga guda da hasken ke shigowa ta cikinta kamar an aro shi. Ya ajiye bindigar da hannun hagu. Na daman yana cikin aljihu.

"Maƙerin ƙarya, duba mini wannan. Ta ƙi ɗaukar na biyu."

"Mijin yaya, yaushe ka fara sanin akwai na biyu?" in ji mai gyaran yana dariya.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Oga ya tafi shan mai, yanzu zai dawo da mota. Daga nan sai rafi. In ba ta gyaruwa ka faɗa masa kawai."

Dariyar mai gyaran ta tsaya. Ya san ɓauna. In harbin farko bai kayar da ita ba, ba ta gudu, zuwa take yi. Mutumin da bindigarsa ta cije a wannan lokacin, sai dai a tattaro shi a tabarma. Kuma wannan mutumin mijin yayarsa ne, wadda ta goya shi.

Ya zare magazin ɗin, wato gidan harsasan, ya juye shi a kan tsumma. Ya ciro sifirin ya matsa shi tsakanin yatsunsa, ya sake shi. Da ƙarfinsa. Ya duba ɗan farantin da ke tura harsasai sama, ko ya karkace. Bai karkace ba. Ya kai bakin magazin ɗin gaban taga ya lumshe ido guda yana neman lanƙwasa ko tsaga. Babu. Ko ƙura babu, domin Harbi-Ɗaya ya fi kula da bindigar nan a kan haƙoransa.

Sai ya ɗebo harsasan gwaji, waɗanda babu albarushi a cikinsu, ya jera, ya mayar da magazin. Ya ja sakata ya tura. Na farko ya hau. Ya sake ja, ya faɗo ƙasa, na biyu ya hau sumul. Haka har suka ƙare.

"To ga ta. Ina ciwon?"

"A hannunka take jin kunya. Jiya ta ƙi, shekaranjiya ta ƙi."

"Jera da kanka in gani."

Tsohon ya dube shi. Daga nan ya fito da hannun daman, ya juya baya kaɗan kamar mai neman haske, ya fara jerawa. Mai gyaran ya yi kamar yana goge magagari, amma idonsa na kan yatsun nan.

Harsashin irin wannan bindiga yana da ɗan leɓe a gindinsa. Dole leɓen harsashin sama ya zauna a gaban na ƙasa. In ya koma bayansa sai su sarƙe, ka tura sakata ta ƙi tafiya. Mai gyaran bai koyi wannan a wurin kowa ba sai a wurin mutumin nan da ke tsaye gabansa, tun zamanin da yake zuwa zance wurin yayarsa, har da ranƙwashi ya sha a kai. Yanzu ga shi yana kallon babban yatsan malamin nasa yana danna leɓen harsashi bayan na ƙarƙashinsa, a hankali, irin dannawar da ba ta kuskure ba ce.

Ya kuma ga wani abu. Hannun na rawa. Ba rawar sanyi ba, rawa ce ƙarama mai naci, har harsashin na ƙarshe yana ƙwanƙwasa bakin magazin kafin ya shiga.

Tsohon ya ja sakata. Na farko ya hau, ya fita. Na biyu ya cije ƙam.

"Ka gani ko?" ya ce, bai ɗago kai ba.

"Na gani, mijin yaya. Duka na gani."

A waje wani yana jan ƙarfen rufe shago, ƙarar tana shiga haƙori.

"Tun yaushe?" in ji mai gyaran a hankali.

"Aikinka bindiga ne, ba mutum ba."

"Yaya ta sani?"

"Ta san na daina shan shayi a gaban baƙi. Ba ta tambaya ba." Ya mayar da hannun aljihu. "Ba mutuwar nake tsoro ba. Kar dai a ce ya harba ya kuskure, dabbar ta bi ta kan wani. Ka ce wa Oga bindigar ta mutu, shi ke nan. Bindiga ce ta tsufa, ba ni ba."

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofa. Oga ya shigo da saurinsa, shugaban masu gadin, mutum mai faɗin kafaɗa wanda Harbi-Ɗaya ne ya koya masa bin sawu.

"Yaya dai? Rana na yi. Mutane sun taru a bakin rafi da sanduna, in muka daɗe za su shiga da kansu."

Mai gyaran bai taɓa yi wa bindiga ƙazafi ba. Ya dubi ƙeyar mijin yayarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta fita yau ba. Ba zan yarda da ita a gaban ɓauna ba."

Ya ga kafaɗun tsohon sun ɗan sauka.

"Wannan ai ba matsala ba ce," in ji Oga. Ya fita, ya dawo da tasa bindigar, sabuwa fil, ya miƙa. "Baba, riƙe wannan. Hannun ai shi ne Harbi-Ɗaya, ba ƙarfen ba."

Babu wanda ya shirya wa wannan. Bindigar tana nan a miƙe tsakaninsu.

Tsohon ya fito da hannun ya karɓa. Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ya saita ta a kan ƙusar da ke jikin bango, kamar yadda ya saba gwada kowace bindiga. Ya bar ta a haka, bai yi saurin saukewa ba. Bakin bindigar yana zagaya ƙusar kamar ƙuda a kan miki. Oga ya gani. Fuskarsa ta canza, ya kawar da ido zuwa taga.

Harbi-Ɗaya ya sauke ta ya mayar masa.

"Ni zan bi sawu," ya ce. "Kai za ka harba. Ka tsaya a damana, in na ce yanzu, to yanzu ne. Kuma in ka kuskure kar ka tsaya jin kunya, ka ja sakata ka ƙara."

Oga ya karɓa da hannu biyu. "To, Baba."

Suka fita. A bakin ƙofa tsohon ya waiwayo.

"Maƙerin ƙarya, ka jera mata harsasan nan daidai kafin ka rataye ta. Kar wani ya gani ya ce ban iya ba."