Egya Essuman, Kafintan da Ya Yarda A Yi Masa Dariya

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran Egya Kobina Essuman a gidansa da ke Takoradi a ƙasar Ghana, bayan jinyar ciwon ƙoda. Kafintan gini ne, dattijo kuma a cocinsu. Ni ce jami'ar kula da lafiyar ma'aikata a kamfanin da ya yi wa aiki a ƙarshe.

Egya, sanina da kai ya samo asali ne daga darussan kariya da aka wajabta wa kowane ma'aikaci ya kalla a waya kafin ya shiga wurin gini. Daga ƙasar waje aka sayo su, da turancin da ba mai kama shi. Ma'aikata sukan kunna, su jefa wayar a aljihu, su ci gaba da cin dokununsu, wato tuwon masara, da kifi. Da muka yanke shawarar sake ɗaukar su da yaren Fanti, sai muka rasa wanda zai fito a matsayin mai ganganci. Kowa ya ce ba zai kwaikwayi mutuwarsa ba, kada ya jawo ta.

Kai da ba ka taɓa samun ko gocewar ƙashi a bakin aiki ba, kai ka miƙe. Ka hau tsani da silifa, ka rataye hular kwano a ƙugu, ka faɗo kan katifun da muka shimfiɗa. Darasi bayan darasi, kai ne wawan.

Abin bai zo maka da sauƙi ba. A kasuwa ’yan tasi sukan leƙo su ce, "Egya, yau daga hawa na nawa za a faɗo?" Wani ɗan kwangila ya hana ka aiki, wai ya ga yadda kake wasa da tsani. Matarka, Maame Araba, ta same mu har wurin ɗauka, ta ce, "Tsofai-tsofai da kai! Ranar Lahadi ka tsaya gaban jama'a, ranar Litinin kana birgima a waya?"

Ka ce, "Araba, bar su. In suna dariya, wayar tana hannu, ba ta aljihu."

Darasi ɗaya ne ka ƙi yin wasa a cikinsa, na haƙar rami. Ka zauna kan bulo, ka ba da labarin ƙanenka Ekow, wanda ƙasa ta rufta masa a ramin magudanar ruwa da ba a tokare shi da katako ba. Da hannunka ka tono shi. Ko abokan aikinka na shekaru ba su taɓa jin wannan ba. Mai ɗaukar hoto ya so a maimaita saboda ƙarar injin kwaɓa siminti, ka ce sau ɗaya za ka iya faɗa. Da ƙarar muka sa shi.

Ba zan ce ga adadin waɗanda suka tsira saboda kai ba, domin wanda bai faɗo ba ba ya zuwa ofis ya sanar. Abin da na gani shi ne, masu haƙa sun fara ƙin shiga rami sai an kawo katako, kuma shugabannin aiki sun daina musu da su.

Bayan rasuwarka na je na tambayi Maame Araba ko tana so a cire bidiyoyin, tunda akwai nauyi a riƙa yi wa mamaci dariya. Ta ce, "’Yata, ku bar shi ya ci gaba da aikinsa. Ni ma ki sa min su a wayata, ban taɓa kallo ba."

Allah Ya jiƙanka, Egya, Ya yafe kurakuranka, Ya ba ka hutu. Ina miƙa ta'aziyya ga Maame Araba, da ’ya’yanku Efua da Kwamena, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kuma mayar da kowane ma'aikaci gida da ƙafafunsa.