Mai Shanya Batura a Tashar Kafanchan

Malama Edna tana jiran jirgin Jos, amma hankalinta na kan wani tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat. Ya jera batura huɗu a rana yana juya su kamar mai shanya citta. Rediyonsa na kan cinya, cikin rigar atamfa. Wataƙila ɗinkin matarsa ne, in ji Edna a ranta.

"Baba, jirgi kuke jira?"

"A'a, 'yata. A gida ba ya kamawa, dutse ya tare. Yau Kaduna za su sa waƙoƙin Kagoro. Bara suka zo suka ɗauki muryar matata, kafin ta rasu."

Jirgi ya iso yana kuka. Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba. Yana mayar da baturan ɗaya bayan ɗaya, tun ɗuminsu bai huce ba.