Kwalbar Man Zaitun da Ban Kai Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Raman, mai haɗa magunguna a asibitin da na yi aiki a unguwar Camberwell ta London. Mutumin Indiya ne, ba Musulmi ba, gajere, ga faɗan tsiya, amma mun fi shekara ashirin muna cin abincin rana tare. Na ukunmu Abu Samir ne, Bafalasɗine, wanda ya yi karatun likita a Indiya, a zamanin da ƙasar ke sahun gaba wajen tsaya wa Falasɗinawa.

Raman yana da wani tsohon fasfo da aka rubuta a cikinsa cewa ba a shiga Isra'ila da shi. Ya nuna mana shi har muka haddace. Mu yi ta tsokanarsa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin alfaharinsa ke nan, cewa ƙasarsa ta ɗanɗana mulkin mallaka kuma ba ta manta ba.

Suna da wata al'ada su biyu. Duk shekara idan an matse zaitun a gonar su Abu Samir da ke Gaza, sai a aiko da mai, ya tsiyaya wa Raman kwalba guda, Raman ya rama da ganyen shayin garinsu. Wai shi jakadanci yake yi. Da ciwo ya ci ƙarfin Raman, ya kama hannuna ya ce, "Dakta, kada shayin nan ya yanke. Ɗana zai riƙa ba ka kana kaiwa."

Yaron ya cika alkawari na wasu shekaru. Amma gwamnatin ƙasarsu ta ƙara jingina da Isra'ila, na Falasɗinawa ya rage a fatar baki, kuma iskar ta biyo matasansu har London. Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Gaza na kai wa yaron kwalbar mansa, ya tare ni a bakin ƙofa. "Uncle, ka yi haƙuri, wannan tarihin Baba ne. Ni ba na tare da su." Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Tun daga nan ni nake sayen shayin a kanti, in ce daga yaron ne. Da furfurata nake ƙarya, kuma ina jin kunyarta. Nakan tambayi kaina abin da Raman zai yi da yana raye. Na san zai yi faɗa har muryarsa ta dishe, amma ban san wa zai saurare shi ba.

Gonar nan yanzu babu ita. Ƙanin Abu Samir da ke matse man ma an kashe shi. Wata Juma'a bayan salla a masallacin Regent's Park, Abu Samir ya miƙo mini ƙaramar kwalba, ragowar ta ƙarshe da yake da ita.

"Dakta, na daɗe da sanin ba yaron ke aikowa ba," in ji shi. "Shayin Raman ba haka yake ƙamshi ba. Amma ka kai masa. Da ubansa muka ƙulla, ba da gwamnati ba."

Abin da ya rage na Raman bai taka kara ya karya ba: fasfon da ya daina aiki, tsofaffi biyu, da wannan kwalba. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ta yi nauyi. Sau biyu ina hawa jirgin ƙasa har unguwar yaron ina juyowa. Tsoro nake ji. In ya mayar da wannan, babu wata da zan sake kai masa.