Tukunyar da Gwaggo Ba Ta Iya Ɗanɗanawa

A bakin maigadin masana'anta Auta ta fara jin sunan, ran da babanta ya kai ta gaida yayarsa a wajen aiki.

"Ludayi, fito ga danginki, kafin su ce mun cinye ki!"

Sai ga Gwaggo ta fito tana goge hannu a zani. Shekara ashirin da biyu ta yi tana dafa wa ma'aikata ɗari da hamsin abincin rana, ba ta taɓa auna gishiri ba. Takan ɗiga miya a tafin hannu ta lasa sau uku: in ta tafasa, in ta yi kauri, da kuma kafin a sauke.

Ciwon hanji ya kwantar da ita wata tara. Ta tashi, amma cikin bai tashi yadda ya kwanta ba. Madara ce ta fara ƙin ta, sai wake, sai albasa. Ita kuwa wace tukunya ake ɗorawa ba albasa? Auta ce ta koma gidanta da zama, tana dafa mata farar shinkafa a wata 'yar tukunya daban, tana kallon fuskarta bayan kowace loma.

Da Gwaggo ta koma aiki, da hanci da ido take girki. Ba a yi sati ba ƙorafi ya taso.

"Ludayi, likita ne ya hana mu gishiri mu ma?" in ji wani direba a layin karɓar abinci. Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, a leɓe.

Mataimakiyarta ta ce, "Yaya, ki bari in riƙa ɗanɗana miki mana."

"Ke da ko ruwan wanke-wanke aka ba ki cewa za ki yi ya yi daɗi?"

Ranar Laraba manaja ya leƙo kicin, ya daɗe yana kallon kwanukan da aka dawo da su rabi. Washegari Gwaggo ta lasa. Sau uku, kamar dā. Aka sauke tukunya, aka lashe ta ƙarƙaf.

Da la'asar a gida Auta ta same ta durƙushe a ƙofar banɗaki, zufa ta jiƙe mata riga.

"Gwaggo, kin lasa."

"Ɗigo ne fa, uwata."

"Likita ya ce ko ɗigo."

"Likita ba shi zai tsaya gaban mutum ɗari da hamsin gobe ba."

Auta ta kama ta zuwa gado. Gwaggo ta kwanta, ta juyo ta dube ta.

"Ke ce mai hannun rubutu. Ɗauko takarda mai kyau, ki rubuta wa manaja na ajiye aiki. Ki tsara ta da ladabi." Ta riƙo mata hannu. "Amma wajen kwanan wata, ki bar min shi ba komai tukuna."