Ɗan Koren Akwati a Gefen Allo

Ina sayar da tsofaffin kayan wuta a unguwar Kinkinau: fanka, dutsen guga, injin markaɗe, wani lokaci ƙaramin firji. Gyara bai taɓa ba ni wahala kamar yanka farashi ba. In na faɗi kuɗi mai saye ya biya ba ciniki, sai in wuni ina tunanin ko na cuce shi. Na sha bin mutum har bakin titi in rage masa.

'Yata ta fari, wadda nake kira uwata don sunan mahaifiyata ta ci, ta gama karatun kwamfuta tana jiran aiki. Ita ke kawo mini abincin rana shago. Ita kuma ta koya mini duba farashi a shafukan saye da sayarwa na intanet, a wata tsohuwar kwamfuta da muka ajiye bayan kantar shago. Sai abin ya ƙara rikita ni. Fanka iri ɗaya, wannan ya sa sama, wancan ya sa ƙasa, ni kuma karatuna iyakarsa firamare.

"Baba, zan haɗa maka wani abu," in ji ta. "Ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauza, manhajar nan da kake buɗe intanet da ita. Kana neman kaya, zai tattara farashin kowa ya fitar maka da matsakaici."

"Masu kayan sun sani?"

"Sun san me?"

"Za a ɗebi farashinsu ba ko sallama."

Ta yi dariya har ta ƙware. "Baba, su fa suka baza shi a kasuwa!"

Haka muka cinye damina guda. Tana kan benci da kwamfuta a cinya, ni ina kwance fanka ina kawo mata damuwa. Wanda ya rubuta naira ɗaya don kawai a kira shi fa? Ta cire irinsu. Sabo da tsoho fa, haɗa su za a yi? Ta raba. In ruwa ya tsare mu sai mu sayi dafaffiyar gyaɗa, tana nuna mini layukan rubutun da ban gane ko ɗaya ba, ina gyaɗa kai. Ranar da ɗan koren akwati ya fito a gefen allo da lamba a ciki, ta ce, "To, sarkin waswasi, saura me?" Na nemi abin da zan ce a gyara, na rasa.

Wannan aikin ta nuna wa wani kamfani a Legas, suka ɗauke ta aiki, ta koma can.

Akwatin ya yi ta yi mini aiki, har wata safiya ya fito fanko. Na kashe na kunna, na goge allon da tsumma. Ban kira ta ba, kada in dame ta a wurin aiki. Amma a raina na yanke cewa tunda a shagon nan aka haɗa shi, a nan za a gyara shi. Na sayi sabon zanen gado na kai gida, na ce a share ɗakinta.

"Malam, ta ce maka tana zuwa ne?" in ji mahaifiyarta.

"Ai dole ta zo, abin ya lalace."

Da aka gama shiri na kira ta.

"Haba Baba, tun yaushe? Tsarin shafin suka sauya, shi ke nan. Ba ni zuwa la'asar."

"La'asar, uwata? Jirgi za ki hau?"

"A'a, daga nan zan gyara. Kai dai bar kwamfutar a kunne."

"Ba sai kin gani da idonki ba?"

"Ba sai na gani ba, Baba. Kar ka damu."

Kafin a kira la'asar lamba ta dawo cikin akwatin. Na rubuta fanka, ya ba ni. Na rubuta firji, ya ba ni. Na kira in sa mata albarka, ta yi magana ƙasa-ƙasa ta ce suna taro. Na daɗe zaune ina kallon allon. Daga baya na kira gida, na ce wa mahaifiyarta ta bar zanen gadon a shimfiɗe, ta dai ja ƙofar saboda ƙura.