Ganyen Kaka da Bel ɗin Babanmu

Akwai wani kafinta a bayan gidan da muke haya a nan Kaduna. Jiya da hantsi ina tsince shinkafa, sai na ji injinsa na goge katako ya yi fat, ya koma kukan banza. Katanga ce tsakaninmu, ban ga komai ba, amma na san abin da ya faru: bel ya tsinke a mahaɗi. Iska ta kawo mini warin garin katako mai ɗumi, irin wanda ya kusa ƙonewa. Na ajiye faifan. Maƙwabciyata ta ce lafiya? Na ce mata abu ne ya faɗa mini a ido. Ku dai da ba za mu haɗu ba, bari in faɗa muku gaskiya.

A Birnin Gwari aka haife ni, a gidan masu aikin itace. Kakana na wajen uba masassaƙi ne, turmi da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya duk sun bi ta hannunsa. Babanmu kuwa kafinta ne, yana da rumfa a ƙofar gida. Kaka tsoho ne mai tsokana. Amaryarsa yake ce mini, kullum cikin barazanar zai sake ni yake, wai tuwona gudaji ne zalla. Ni kuma in ce masa wa zai zauna da miji mai haƙori uku, in ba ni mai haƙuri ba.

Idan damina ta ja baya, ciyawa ta fara ja, yakan ɗauke ni mu shiga daji. Akwai wani rafi ta hanyar Randagi inda wani irin ɓaure yake fitowa, ganyensa kaushi gare shi kamar harshen saniya. Da shi Kaka yake goge duk abin da ya sassaƙa. Mu cika buhu, mu biya rugar wani tsohon makiyayi abokinsa mu sha nono, su yi ta zagin juna cikin raha da Hausa da Fillanci, sannan mu dawo da yamma ƙafata duk ƙaiƙayi. A lokacin, abin tsoro a dajin nan bai wuce maciji da ƙudan tsando ba.

Babanmu ya sayo injin goge katako na gwanjo ina aji uku a firamare. Abu ne da ake riƙewa da hannu biyu, da bel na samfefa yana zagaya ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa. Ranar da ya fara tayar da shi da janareto, unguwa ta taru. Aikin da Kaka zai yini yana yi, injin ya lashe shi kafin shayi ya huce. Kaka ya tsaya daga nesa, ya taɓe baki.

"Abin da sai an ba shi fetur ya sha kafin ya motsa," in ji shi, "ai wannan ba ma'aikaci ba ne, baƙo ne."

Babanmu ya ci gaba da gugarsa. Ba ya jayayya da mahaifinsa, amma kuma ba ya fasa abin da ya sa gaba. Ya ƙaunaci injin nan har Innarmu tana cewa da yana cin tuwo da an daɗe da zuba masa. Bel ɗinsa kuwa ba a taɓawa. A ɗaki yake rataye su, a inuwa, ba ya yarda a lanƙwasa ko ɗaya, domin zafin kwano yana kashe gam ɗin da ya haɗa bakinsu, laimar damina kuma tana nannaɗe su. Ni da nake 'yar fari, kuma mai shisshigi, ya nuna mini lambar da ke bayan kowanne: ƙaramar lamba mai kaushi ce, ta cin katako, babbar lamba mai laushi ce, ta gamawa. Ya nuna mini kibiyar da aka zana a ciki. In ka sa bel ya saɓa wa kibiyar, mahaɗin zai ɗaga ya ɓalle. In kuma ya riƙa gudu gefe yana cin jikin injin, akwai ɗan noti da ake murɗawa a hankali har ya dawo tsakiya.

Abu ɗaya suka yarda da shi su biyun. In an gama guga, sai a ɗauki ɗan curin auduga a shafa a kan katakon daga wannan baki zuwa wancan. In zare ko ɗaya ya maƙale, aiki bai gama ba.

Sai dajin ya canza. Ba rana ɗaya ba. Da fari labarin satar shanu muke ji, sannan aka fara tare hanya, sannan aka fara ɗauke mutane a gonakinsu. Tsohon makiyayin nan aka kore masa garke kaf, ya dawo gefen gari da 'yan awaki. Mutanen ƙauyukan wajen Dogon Dawa suka riƙa shigowa da tabarmi a ka. Kaka ya daina kai ni rafi, daga baya Babanmu ya roƙe shi shi ma ya daina zuwa. Buhun ganyensa ya ƙare, ya zauna a zaure yana kallon hanya, ya zama mai saurin fushi.

Makarar masallacin unguwarmu ta katako ce, tsohuwa. A da sai a yi wata ba a sauko da ita ba. A shekarun nan ta sha aiki har ta tsattsage. Wata rana aka kawo wani yaro da aka harbe a gonar masara, ɗan maƙwabtanmu, sa'ana ne, tare muke zuwa Islamiyya. Da aka zo sauke shi a maƙabarta, wani tsagin katako ya kama likkafanin ya yage shi, ƙafarsa ta fito fili a gaban mahaifinsa. Mu mata ba ma zuwa can, a bakin Babanmu na ji yana faɗa wa Innarmu. Bai ci abinci ba ranar. Washegari ya je ya sami liman ya ce shi zai yi sabuwar makara, sadaka, kuma ba za a ɗora kowa a kanta ba sai auduga ta wuce ta lafiya.

Ya fito da katakon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya yanka, ya haɗa. Makara ta tsaya da ƙafafunta a rumfa, saura guga. A nan ne bel mai laushi na ƙarshe da ya rage masa ya cinye ya zama fata.

Daga Kaduna ake kawo su, kuma hanyar Kaduna a lokacin sai da rakiyar sojoji, ita ma ba kullum ba. Babanmu ya auna tsohon bel da igiya, ya yanke daidai, ya ba wani direba. Direban ya yi mako bai dawo ba, da ya dawo kuma ashe igiyar ta ɓata masa, ya sayo da ka. Sun ɗara na injin tsawo da kamar yatsa ɗaya. In an sa, sai su yi ta santsi suna zamewa, noti ya murɗu har ƙarshe a banza. Aka sake aikawa. Na biyun sun yi daidai, amma masu kaushi ne, kuma tsofaffin kaya ne da suka kwana biyu a shago ƙarƙashin kwano. Kowanne ya ɗan yi gudu, ya ɗumama, sai fat. Babanmu ya duba kibiya, daidai take. Ya rage danna injin. Ya gwada liƙe mahaɗin da gam da ƙyalle, sai bel ɗin ya riƙa dukan katakon yana barin tabo, ƙarshe ya tsinke ya zabge shi a dantse. Ya yayyanka tsinkakkun ya goga da hannu, amma kaushinsu sai tayar wa maɗacin gashi yake yi. Samfefa mai laushi ta hannu ma ta yanke a kasuwa, mai kawo ta ya daina bin hanya. Duk sanda aka shafa auduga, sai makarar ta fito fari-fari kamar ta yi furfura.

Ana cikin haka aka yi jana'iza biyu da tsohuwar makarar, an shimfiɗa mata buhu. Liman ya aiko cewa a kawo sabuwar haka nan, ai ta fi. Babanmu ya ce a ƙara masa haƙuri. Da yamma, muna zaune a tsakar gida, Babanmu ya ce zai bi ayarin motocin da sojoji za su raka ranar Juma'a ya je ya zaɓo da kansa.

Innarmu ta ajiye muciya. Kaka ya ɗago kai.

"Ba za ka bi hanyar nan ba," ya ce.

"Baba, kwana ɗaya ne. Ba wanda zai iya zaɓo mini in ba ni ba."

"Kana da 'ya'ya ƙanana. Saboda takarda mai yashi za ka mai da su marayu? Ga abin guga can Allah ya shuka a bakin rafi, kyauta."

"Rafin ai ya fi hanyar haɗari, Baba."

"A gare ka. Ni wa zai kula ni? Tsoho da buhun ganye. Dajin nan ya san ni tun ba a haifi ubannin yaran nan ba."

Babanmu ya tashi ya shiga ɗaki, muka san ba zai fasa ba. Kaka ma ya san shi, shi ya haife shi.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba ina share ƙofar gida, Kaka ya fito da sandarsa da tsohon buhun nan a kafaɗa. Na ce angona ina zuwa da sassafe haka, ko wata ka samu? Ya yi dariya ya ce e, mai iya tuwo. Ya ce in dama masa kunu in rufe, kafin hantsi ya dawo. Na dama na rufe. Babanmu yana masallaci, da ya dawo ya ji, ya zauna a kan bencin rumfa. Ya tashi zai bi shi, maza suka riƙe shi.

Kunun ya huce, ya yi fata a sama. Wajen azahar tsohon makiyayin nan ya shigo unguwa tare da wasu samari, sun ɗauko gawar Kaka a kan amalanke. Makiyayin ne ya ji harbin daga inda yake kiwon awakinsa, ya jira 'yan bindigar suka wuce a kan baburansu, sannan ya bi sawu. Ba wanda ya san dalili, wataƙila ma babu. Ya tsuguna a gaban Babanmu yana kuka, ya ajiye buhun.

"A hanyar dawowa ne," ya ce. "Ya riga ya cika shi, har ya ɗaure baki."

Na tsani ganyen nan a lokacin, na tsani makarar, na tsani injin, har Babanmu sai da na ji haushinsa. Shekarata goma sha ɗaya, ban san wanda ya kamata in tsana ba.

Aka shiga da Kaka ciki domin wanka. Liman ya ce a ɗauko tsohuwar makarar. Babanmu ya ce a'a, a ba shi zuwa la'asar. Ya kwance bakin buhun, ya durƙusa a rumfa ya fara guga. Kaka yakan bar ganyen ya sha iska a inuwa kafin ya yi aiki da shi, amma ba lokaci, ɗanye ya yi amfani da shi. Ba ya kuka. Ganye ya mutu ya yar, ya ɗauki wani. Maƙwabta suka zo za su taya shi, ya girgiza kai. Ba ƙarar janareto, ba komai, sai wannan sassanyan sautin da na taso ina ji a zauren Kaka, shuu, shuu, da koke-koken mata daga cikin gida. Katakon ya yi kore-kore, sannan ya share shi da tsumma, jan maɗacin ya fito.

Da ya gama, yatsunsa sun ɗaɗɗaye suna tsattsafo jini, ya ga in ya riƙe auduga zai ɓata ta. Ya waiga ya gan ni a bakin zaure.

"Zo, uwata," ya ce. "Ke za ki duba wa mijinki."

Na karɓi audugar. Na bi makarar da ita a hankali, gefe da gefe, kan allunan, ƙarƙashinsu, har hannayen da ake kamawa. Ina addu'a a raina kada ta kama, ina kuma son ta kama, domin in ta kama ba za a tafi da shi yanzu ba. Na ɗaga audugar muka duba tare. Ko zare ɗaya bai fita ba.

Kaka ne farkon wanda aka ɗora a kanta. Daga bakin zaure na ga an fito da shi, likkafaninsa fari tas, ba inda ya maƙale.

Babanmu bai bi ayarin Juma'a ba. Bayan an yi sadakar bakwai direban nan ya zo gaisuwa, ya kawo bel masu laushi, sababbi, daidai da injin, ya ce ba sai an biya ba. Babanmu ya yi godiya, ya rataye su a inuwa. Ya ci gaba da aiki da injin, tunda da shi muke ci, amma ban ƙara jin ya yabe shi ba. Ragowar ganyen yana cikin buhun a ɗakinsa har ya zama gari.

Yanzu an ce abubuwa sun ɗan lafa, wasu sun koma gona, ana bin hanya da addu'a a baki. Bara na je gida, na tambayi ƙanena ko makarar tana nan, ko ta fara tsagewa tana son guga. Ya ce tana nan, ba ta son komai. Ya ce hannayenta yanzu har sheƙi suke yi kamar an shafa musu mai, sun fi yadda Babanmu ya bar su santsi nesa ba kusa ba. Na ce wa yake goge ta? Ya dube ni, ya ce ba kowa, Yaya, ɗauka ce kawai.